Zaɓen Faransa na 2027: Ribar siyasar tsakiya da tsadarta

A shekarar 2027 Faransawa za su zaɓi sabon shugaban ƙasa, kuma sunan Emmanuel Macron ba zai fito a takardar ƙuri'a ba, domin tun gyaran da aka yi wa kundin tsarin mulki a 2008 babu wanda ke da ikon yin wa'adi uku a jere. Tuni masu son gadon kujerar suka fara motsi. Édouard Philippe, magajin garin Le Havre kuma firaministan Macron na farko, ya bayyana takararsa tun watan Satumban 2024. Ana kuma ambaton Gabriel Attal, wanda ya riƙe muƙamin firaminista yana da shekara 34, kuma ya karɓi jagorancin jam'iyyar Renaissance a ƙarshen 2024. Dukansu sun fito ne daga ɓangaren da Faransawa ke kira tsakiya, wato 'yan siyasar da ba su bin hagu, ba su kuma bin dama.

Shekarun mulkin Macron sun nuna cewa abin da ke ba ɗan tsakiya nasara ranar zaɓe shi ne kuma ke ɗaure masa hannu idan ya hau mulki. Yana cin zaɓe da ƙuri'un mutanen da suka zaɓe shi don gudun abokin karawarsa. Sannan idan ya haɗiye masu sassaucin ra'ayi na hagu da na dama, duk wanda ya fusata da gwamnati ba ya da wurin zuwa sai wajen masu tsattsauran ra'ayi.

Su wane ne 'yan tsakiya?

Rabon siyasa zuwa hagu da dama daga Faransa ya samo asali. A majalisar juyin juya hali ta 1789, masu son a bar wa sarki ƙarfinsa sun zauna a hannun daman shugaban zaure, masu son rage masa iko suka zauna a hagu. A yau hagu na nufin masu son gwamnati ta sa hannu sosai a tattalin arziki, ta ɗora wa masu hali haraji, ta kare ma'aikata. Dama kuwa ta fi karkata ga rage haraji, ƙarfafa tsaro, riƙe al'ada da taƙaita shigowar baƙi.

'Yan tsakiya suna ɗibar wani abu daga kowane ɓangare. Suna son 'yan kasuwa su sakata su wala, amma ba su son a rushe inshorar lafiya da tallafin marasa aiki. Suna yawan jan kunne kan bashin ƙasa. Abin da ya fi haɗa kansu tun bayan yaƙin duniya na biyu shi ne goyon bayan haɗin kan Turai.

Farin jini ba tare da kujera ba

Tun 1965 Faransawa ke zaɓen shugabansu kai tsaye a zagaye biyu. Idan babu wanda ya haura rabin ƙuri'u a zagayen farko, mutum biyu na gaba ne kaɗai ke sake karawa. 'Yan Nijar sun san wannan tsari, sun kuma san darajar wanda ya zo na uku, kamar yadda aka gani a 2011 lokacin da Hama Amadou ya mara wa Mahamadou Issoufou baya. Shekaru da dama, matsayin na uku shi ne rabon 'yan tsakiyar Faransa.

A 1965 Jean Lecanuet ya samu kusan kashi 16 cikin 100, abin da ya taimaka wajen tilasta wa Janar de Gaulle zuwa zagaye na biyu. A 1969 Alain Poher, shugaban majalisar dattawa, ya kai zagaye na biyu amma Georges Pompidou ya kayar da shi. A 1988 Raymond Barre ya zo na uku da kusan kashi 16 da rabi. Kafin Macron, Valéry Giscard d'Estaing ne kaɗai ya ci zaɓe da tutar mulki daga tsakiya, a 1974, da kashi 50.8 cikin 100. Shi ma da ƙuri'un dama ya hau, ya dogara da magoya bayan de Gaulle a majalisa, kuma saɓaninsa da Jacques Chirac na cikin abubuwan da suka kayar da shi a gaban François Mitterrand a 1981.

François Bayrou ne ya fi kowa ɗanɗana wannan ƙaddara. A 2007 ya samu kashi 18.6, kuma ƙuri'un jin ra'ayin jama'a na lokacin sun nuna da zai iya doke Nicolas Sarkozy ko Ségolène Royal da a ce ya kai zagaye na biyu. Bai kai ba. Ya ƙi mara wa kowa baya, ya kafa jam'iyyar MoDem, amma a zaɓen 'yan majalisa da ya biyo baya kujerun da ta samu ba su kai biyar ba daga cikin 577. A 2012 ya ce zai zaɓi François Hollande na gurguzu, dama ta yi fushi da shi, hagu ba ta saka masa ba, har kujerarsa ta ɗan majalisa ya rasa. An yi biyu babu.

Dalilin a fili yake. A zagayen farko mutane na zaɓen wanda suke so da zuciya ɗaya, kuma manyan jam'iyyun hagu da dama suna da dakarunsu, magadan gari da ƙungiyoyin da ke fitar musu da jama'a. Ɗan tsakiya kuwa zaɓi na biyu ne a wajen kusan kowa, kuma zaɓi na biyu ba ya amfani sai mutum ya tsallake shingen farko.

Yadda ƙofa ta buɗe a 2017

Macron ya tsallake shingen ne saboda manyan jam'iyyun biyu sun yi tuntuɓe a lokaci guda. Hollande ya rasa farin jini har ya fasa neman wa'adi na biyu. François Fillon, ɗan takarar dama da ake ganin kujerar tasa ce, ya faɗa cikin badaƙalar biyan matarsa albashi daga asusun majalisa kan aikin da aka ce ba ta yi ba. 'Yan gurguzu sun tsayar da Benoît Hamon, wanda ya tashi da kashi 6 kacal. Macron, tsohon ma'aikacin banki kuma tsohon ministan tattalin arzikin Hollande, da ya kafa ƙungiyarsa ta En Marche a watan Afrilun 2016, ya samu goyon bayan Bayrou, ya zo na ɗaya da kashi 24. A zagaye na biyu ya doke Marine Le Pen da kashi 66, yana da shekara 39.

Ba sa'a kaɗai ba ce. Faransawa da yawa sun gaji da karɓa-karɓar hagu da dama tun 1981, inda kowace gwamnati ke warware abin da ta gabace ta ta ƙulla, rashin aikin yi kuma yana nan. Macron ya yi alkawarin ɗaukar duk shawara mai amfani ko daga ina ta fito. Ya ɗauko firaminista da ministan tattalin arziki, Philippe da Bruno Le Maire, daga dama, ya ba Jean-Yves Le Drian na gurguzu harkokin waje. Kalmar da ya riƙa maimaitawa, en même temps, wato "a lokaci guda", ta zama tambarinsa: a sauƙaƙa wa kamfanoni, a lokaci guda a kare talaka.

Magoya bayansa suna da abin nunawa. Rashin aikin yi ya sauka daga sama da kashi 9 a 2017 zuwa kusan kashi 7 bayan 'yan shekaru. An rage yawan yara a ajujuwan farko na makarantun firamare a unguwannin talakawa. A lokacin annobar korona gwamnati ta ɗauki nauyin kaso mai yawa na albashin ma'aikatan da aka dakatar, don kada kamfanoni su sallame su. Sau biyu kuma ɗan tsakiya ya hana jam'iyyar masu ƙyamar baƙi shiga fadar Élysée, abin da ba ƙarami ba ne a wajen baƙin da ke zaune a ƙasar.

Ƙuri'ar aro

Matsala ta farko tana cikin lissafin kansa. Mutum kusan miliyan 8 da rabi ne suka zaɓi Macron a zagayen farko na 2017, amma sama da miliyan 20 suka zaɓe shi a na biyu. Da yawa daga cikin ƙarin sun je rumfar zaɓe ne da tunanin da babu gara ba daɗi. Wasu sama da miliyan 4 sun jefa farar ƙuri'a ko wadda ta lalace. A daren nasararsa ta 2022, Macron da kansa ya amince cewa mutane da yawa sun zaɓe shi ne don tare Le Pen, ba don sun yarda da manufofinsa ba.

Shugaban da ya hau da irin wannan ƙuri'a yana da cikakken iko a doka, amma yardar jama'a a kan shirinsa ƙarama ce. An ga haka a 2023, lokacin da gwamnati ta ɗaga shekarun ritaya daga 62 zuwa 64. Dukkan manyan ƙungiyoyin ƙwadago sun haɗa kai, an shafe watanni ana zanga-zanga. Da firaminista Élisabeth Borne ta ga babu tabbacin rinjaye, sai ta yi amfani da ayar doka ta 49.3, wadda ke ba gwamnati damar zartar da doka ba tare da ƙuri'ar 'yan majalisa ba. Gwamnatin ta tsira daga ƙuri'ar yankan ƙauna da tazarar ƙuri'u 9. Borne ta yi amfani da wannan ayar har sau 23 cikin ƙasa da shekara biyu. Ɓangaren da ya zo da wa'azin sulhu da sauraren kowa, shi ne ya koma mulki da tilas.

Idan tsakiya ta haɗiye maƙwabta

Matsala ta biyu ta fi zurfi. A 2012 Hollande ya samu kashi 28.6 a zagayen farko, Sarkozy kashi 27.2. Bayan shekara goma, Anne Hidalgo ta gurguzu ta tashi da kashi 1.75, Valérie Pécresse ta jam'iyyar LR ta samu 4.78. Babu ɗaya daga cikinsu da ta kai kashi 5 da doka ta gindaya kafin gwamnati ta mayar wa ɗan takara kaso mai tsoka na kuɗin yaƙin neman zaɓe. Jam'iyyun da suka yi shekaru suna karɓa-karɓa sun koma 'yan rakiya.

A da, idan Bafaranshe ya gaji da hagu yakan koma dama, idan ya gaji da dama ya dawo hagu, kuma dukansu biyu sun saba riƙe gwamnati. Da tsakiya ta tattara masu sassauci wuri guda, sai mai fushi ya rasa wannan mafita. Alƙaluma sun nuna inda fushin ya nufa. A 2002 Jean-Marie Le Pen ya samu kashi 18 a zagaye na biyu. 'Yarsa Marine ta samu kusan 34 a 2017, sannan sama da 41 a 2022, wato mutum sama da miliyan 13. Jam'iyyarta, da yanzu ake kira RN, tana da kujeru 8 a majalisa a 2017, ta samu 89 a 2022, sannan ita da abokanta suka haura 140 a 2024. A ɗaya gefen, Jean-Luc Mélenchon ya samu kusan kashi 22 a 2022, kuma ƙuri'u kusan dubu 420 ne suka hana shi zuwa zagaye na biyu. Macron ya yi alkawari a 2017 cewa zai yi aiki har mutane su daina ganin dalilin zaɓen masu tsattsauran ra'ayi. Akasin haka ne ya faru.

Jam'iyya ba saiwa

Matsala ta uku ita ce rashin tushe a ƙasa. An gina En Marche ne a kan mutum ɗaya cikin shekara guda, kuma yawancin 'yan majalisarta 308 na 2017 sababbin shiga ne. A zaɓen ƙananan hukumomi na 2020 jam'iyyar ba ta ci ko ɗaya daga cikin manyan birane irin su Paris, Marseille da Lyon ba. Gwamnatin da ba ta da magadan gari da kansiloli ba ta jin ƙorafi sai ya zama tarzoma.

Haka aka yi a watan Nuwamban 2018, lokacin da ƙarin harajin man fetur ya fito da masu riguna ɗorawa kan tituna. Yawancinsu mazauna ƙauyuka da ƙananan garuruwa ne da ba su iya zuwa aiki sai da mota. Sun ga an ƙara musu kuɗin mai a shekarar da aka soke harajin dukiya na masu hali, aka bar shi a kan gidaje da filaye kawai. Daga nan laƙabin "shugaban masu kuɗi" ya manne wa Macron. Ga waɗannan mutane, tsakiya siyasar masu digiri ce da mazauna manyan birane, waɗanda tsarin da ake ciki bai cutar da su ba.

Abin da baƙi suka gani

Taura biyu ba ta taunuwa, kuma a kan batun baƙi an ga inda gwamnatin ta karkata. A watan Nuwamban 2018 Philippe ya sanar da ƙara kuɗin rajistar jami'a ga ɗaliban da ba 'yan Tarayyar Turai ba, zuwa yuro 2,770 a shekara ga matakin lisans, wato sama da miliyan 1 da jika 800 na sefa, da yuro 3,770 ga matakin mastar, ko da yake jami'o'i da dama sun riƙa yafe wa ɗalibansu. A watan Disamban 2023 majalisa ta amince da dokar shige da fice da aka tsaurara don samun ƙuri'un dama. 'Yan RN sun kaɗa mata ƙuri'a, Marine Le Pen ta kira ta nasarar aƙidarsu, ministan lafiya Aurélien Rousseau ya yi murabus. A watan Janairun 2024 kotun tsarin mulki ta soke sama da kashi ɗaya cikin uku na dokar.

A kan Afirka ma sassaucin cikin gida bai haifar da sabuwar hulɗa ba. Giscard ne ya tura sojoji Kolwezi a Zayar a 1978, shi ne kuma ya sa aka kifar da Bokassa a Afirka ta Tsakiya a 1979. Macron ya je jami'ar Wagadugu a watan Nuwamban 2017 ya yi wa matasa alkawarin sabon babi, amma a Janairun 2020 ya kira shugabannin ƙasashen Sahel biyar zuwa garin Pau don su fayyace matsayinsu kan sojojin Faransa, kiran da mutane da yawa a yankin suka ɗauka a matsayin raini. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, jakadan Faransa ya bar Yamai a watan Satumba, sojojinta na ƙarshe suka fice a watan Disamba, aka rufe ofishin jakadancin a farkon 2024. Ɗalibai da masu ziyarar dangi na cikin waɗanda abin ya fi shafa, tun da aka daina ba da biza a Yamai.

Majalisa mai gida uku

Ƙarshen lissafin ya fito a 2024. A zaɓen majalisar Turai na 9 ga Yuni, RN ta samu sama da kashi 31, jerin 'yan takarar Macron bai kai kashi 15 ba. A daren ya rusa majalisar dokoki. A zagaye na biyu 'yan takara sama da 200 na hagu da tsakiya sun janye wa juna don tare RN, kuma dabarar ta ci. Amma majalisar da ta fito ta kasu gida uku, babu wanda ya kusa kujeru 289 da ake bukata don rinjaye.

Ƙawancen hagu ne ya zo na ɗaya, amma Macron ya ƙi ba shi gwamnati, ya naɗa Michel Barnier na dama. Majalisa ta kayar da Barnier ranar 4 ga Disamban 2024, karo na farko da ƙuri'ar yankan ƙauna ta kifar da gwamnati tun 1962. Daga nan Bayrou, mutumin da ya shafe rayuwarsa yana cewa masu hankali na kowane ɓangare za su iya aiki tare, ya samu damar gwadawa. Ya kawo shirin tsuke bakin aljihu na kusan yuro biliyan 44, har da soke ranakun hutu biyu, a ƙasar da bashinta ya haura yuro biliyan 3,300. Ranar 8 ga Satumban 2025 'yan majalisa 364 suka ƙi ba shi amana, 194 suka ba shi. Sébastien Lecornu da ya gaje shi ya yi murabus kafin ya cika wata guda, aka sake naɗa shi bayan kwana huɗu, kuma sai da ya yi alkawarin dakatar da dokar ritaya kafin 'yan gurguzu su bar gwamnatinsa ta tsaya. Dokar da aka sha wuya a kanta a 2023 ta zama kuɗin fansa.

Lissafin 2027

Magadan Macron na cikin tsaka mai wuya. Idan sun rungumi aikinsa, su gaji fushin jama'a. Idan sun yi tir da shi, a tambaye su ina suke lokacin da ake yin sa. A watan Oktoban 2025 Philippe ya fito fili ya nemi Macron ya shirya zaɓen shugaban ƙasa kafin lokaci, Attal kuma ya ce ya daina fahimtar shawarwarin da shugaban ke yankewa. Dukansu firaministocinsa ne.

Akwai kuma haɗarin rarrabuwa. A 2002 Lionel Jospin na gurguzu ya rasa zagaye na biyu da tazarar da ba ta kai kashi 1 ba, saboda 'yan takarar hagu sun yi yawa. A 2017 mutum huɗu na gaba duk suna tsakanin kashi 19 da 24. Idan Philippe, Attal da ɗan takarar LR suka raba ƙuri'un gida ɗaya, za a iya wayar gari zagaye na biyu tsakanin RN da hagu, tsakiya ta koma matsayinta na da.

Ko da ɗan tsakiya ya tsallake, katangar da ake haɗuwa a gina wa RN ta fara tsagewa. A watan Yunin 2024 shugaban LR na lokacin, Éric Ciotti, ya ƙulla ƙawance da RN, abin da jam'iyyar Chirac ta daɗe tana haramtawa. Masu zaɓen hagu da suka ba da aron ƙuri'a a 2017, 2022 da 2024 suna tambayar abin da suka samu. Hukuncin da kotu ta yanke wa Marine Le Pen ranar 31 ga Maris 2025, na hana ta takara tsawon shekara biyar, wanda ta ɗaukaka ƙara a kai, bai rushe jam'iyyar ba, domin Jordan Bardella na nan a matsayin madadi.

Ga 'yan Afirka mazauna Faransa, wannan lissafi ya shafi takardar zama, aiki, gidan haya da makomar 'ya'yansu. RN na son a fifita 'yan ƙasa wajen ba da aiki, gidajen gwamnati da tallafi, tana kuma son soke haƙƙin zama ɗan ƙasa ga yaron da baƙi suka haifa a Faransa. Tun 2017 tsakiya ce ke tsaye tsakaninsu da wannan shiri, duk da dokokin da ita ma ta tsaurara. Tazarar da ke tsakanin Macron da Le Pen ta sauka daga ƙuri'u kusan miliyan 10 a 2017 zuwa miliyan 5 da rabi a 2022, kuma duk wanda zai ɗauki tutar tsakiya a 2027 daga nan zai fara ƙidaya.